Ƙullin Shinkafar Maryama

Utaibiyya, Makka,
Laraba, 10 ga Safar.

Zuwa ga Yayana Malam Tsoho, a Bichi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Yaya ƙafar nan taka? 'Yarka Mujahida ta ce min har yanzu ka ƙi riƙe sanda, wai kada a ce ka tsufa. Haba Yaya, mutumin da tun ranar suna ake kiransa Tsoho, wane tsufa kuma yake gudu? Ka riƙe sandarka, Allah Ya ƙara sauƙi. Na sa maka man zafi a cikin kayan da Alhaji Mustafa zai kawo in ya gama Umara, tare da dabino da zamzam, kuma dabinon naka ne, kada jikoki su yi maka wayo irin na bara. Na ji an ce damina ta yi kyau, gero har ya fara fitar da kai, Allah Ya sa a kwashe lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafin da ka san Makka da shi, wanda ko kaza ba ta yawo da azahar. Hawan jinina ya sauka, masa da tuwon da nake sayarwa suna tafiya, ɗanka Hafizu kuma yana nan yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma a garin nan mai wannan sana'a ba ya zaman banza.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya. Na san ka, a waya ba za ka bar ni in kai aya ba. Hafizu ya gaya maka ya ga yarinya, sunanta Rumaisa, kai kuma ka ce ba za ka ce uffan ba sai an aiko maka da asalinta, uwa da uba da sana'ar gidansu. Ban ga laifinka ba. Tun rasuwar mahaifinsa kai ne ubansa, kuma yaron ya rantse ba za a ɗaura masa aure ba sai ka sa albarka, ko da zai mutu tuzuru. Na kuma san bincikenka, kai ne ka bi mijin Mujahida har sai da ka gano kakan kakansa da jakin da yake hawa. To ga asalin, ba ragi ba ƙari. Ubanta Maman, mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar, ɗan dako, ya rasu tana ƙarama. Uwarta Maryama tana raye, kwalaye da gwangwanaye take tsinta a bola tana sayarwa. Kuma ta yi kuturta tana budurwa, an yi mata magani ta warke shekara talatin da suka wuce, amma ciwon ya tafi da rabin yatsunta. Na san yanzu ka cire tabarau ka ajiye takardar. Don Allah ka mayar da shi, ka ji yadda na san matar nan, sannan ka yanke hukunci.

Abin ya faro ne daga wata 'yar Indiya mai suna Shaima, mai goge-goge a ƙaramin asibitin Rusaifa inda nake zuwa awon jini. Tana sayen masata, ina tsokanarta, Larabcinta na Indiya, nawa na Bichi, in muka haɗu ko Balarabe sai ya nemi tafinta. Wata rana na ga tana ɗaure 'yar shinkafa a leda, tafi guda, na ce ko tsafi ta fara. Ta yi dariya ta ba ni labari. Ta ce danginta Musulmi ne, amma sharar titi da kwasar bayan gida suka gada, saboda haka mai shayin unguwarsu yana da kofi na dabam da ya rataye a waje dominsu, su sha, su wanke da kansu, su mayar. A bayan unguwar akwai wasu mutane da su ma aka daɗe ana ƙyamar taɓa su, har kakanninsu suka gaji suka koma addinin Buddha. Su ne, da taimakon 'yan'uwansu na wasu ƙasashe, suka buɗe gida na 'ya'yan talakawa mata, a ci, a yi karatu, a koyi sana'a. Nan ta yi shekara shida. Ta ce ba wanda ya ce ta bar addininta, har wuri suka ware mata na salla. Dokarsu biyu ce. Duk gidan da ya kawo 'ya, komai talaucinsa, kafin a ɗora tukunya sai a cire tafi guda na shinkafa a ajiye a kawo musu, don suna cewa wanda kullum karɓa yake yi kansa ba ya ɗaguwa. Ta biyu kuma girki juyi ne, kowa sai ya dafa kowa ya ci, daga shugabar gidan har 'yar mai kwasar bayan gida. Ta ce ranar da aka fara cin girkinta tana 'yar shekara goma sha ɗaya, a bayan ƙofa ta laɓe tana kallon bakin mutane don ta tabbatar haɗiyewa suke yi.

Labarin ya zauna min a rai, Yaya, don a lungunmu akwai mata da yawa da ba su da takarda, ba sa iya fita neman aiki, ga zawarawa, ga waɗanda aka kwashe mazansu aka mayar gida. Sadaka kam ana yi a Makka, amma irin ta a miƙo maka daga tagar mota ce, kai ka karɓa shi ya wuce. Na ce da Shaima mu gwada nasu. Muka fara da gida shida, kowa ya tara tafinsa na mako, ranar Juma'a bayan la'asar a haɗa a tukunya ɗaya a ƙasan benenmu, a shimfiɗa leda a zauna, wanda ya zo ya ci. Ba a je ko'ina ba sai Hajiya Rukayya ta tayar da ƙura. Ita irin mutanenmu ce da kakanninsu suka biyo ta Sudan, tana da iƙama, wato takardar izinin zama, da shagon turaren wuta, tana kuma da baki. Ta ce a garin Allah za mu kwaikwayi al'adar masu gumaka, wal'iyazu billah. Na ce mata wayar da ke hannunta da takalmin da ke ƙafarta wane limami ne ya ƙera su. Ta ce ni dai Rakiya bakina zai kai ni. Ƙarshe mijinta ya tambayi limamin masallacin unguwa, ya ce ciyar da mai yunwa namu ne tun asali, ba bauta a ciki, kowa ya yi niyya don Allah ya zuba shinkafarsa. Wani lokaci abin har dariya yake ba ni, mutanen da ban taɓa gani ba, waɗanda ba za a bari su tako garin nan ba, ga shi dabararsu tana ciyar da marayu kusa da Harami. Hajiya Rukayya ta shigo, kuma tun ranar ita ke kawo mana kaji.

Shaima ce ta gayyato Maryama. Kullum da safe Maryama takan bi ta lungunmu tana tura tsohon keken jarirai shaƙe da kwalaye, mu gaisa daga nesa, shi ke nan. Juma'ar farko ta zo da wankakkiyar abaya da ƙullin shinkafarta a leda, wanda da haƙori take ɗaurewa tun da yatsun ba su kamawa. Mace ce mai fara'a, bakinta ba ya rabo da barkwanci, kafin a sauke tukunya ta sa kowa dariya. A nan ne ƙanwarka ta yi abin kunya, kuma gara ka ji daga bakina. Na samo kwano na dabam na ɗiga masa jan farce a gindi don kada ya ɓace cikin sauran, na riƙa zuba mata a ciki. Ina cika shi da nama, cinya guda nake sa mata, ina ce wa raina ai gata nake yi mata. Da juyin girki ya zo kanta muka tsallake, wai muna tausayin hannunta. Mafi muni shi ne shinkafar. In ta miƙo min ƙullinta sai in karɓa da hannu biyu in yi godiya, in ta juya in tura shi bayan ƙofa, washegari in hau saman bene in watsa wa tantabaru. Ka san a nan ciyar da tantabaru abin lada ne, don haka har lissafi nake yi wai na sama mata lada biyu. Mu ne kullum muke kukan ana ce mana takari, ana barin mu tsaye a kanti sai an sallami mai farar fata, ga ni ina yi wa 'yar'uwata abin da ya fi haka. Laifi tudu ne, Yaya, na taka nawa ina hango na wani.

Asirina ya tonu ne ta hannuna. Hafizu ya tara manyan kwalayen mukayyif a saman bene, ni da bakina na ce wa Maryama ta hau ta kwashe, na manta da abin da ke can. Sai da ta yi nisa a matakala na tuna, na bi ta da gudu, gwiwa na ƙara. Na same ta tsaye, tantabaru na tsattsagar shinkafa a gabanta, ga ledoji tara a lungu, kowace da ƙullinta da sawun haƙorinta, don yagawa nake yi ta gindi ba na kwancewa. Ta ɗauki ɗaya ta juya ta ta sake juyawa. Sai ta yi dariya, ta ce ashe duk Utaibiyya tantabaru ne kaɗai ke cin abin hannunta, Allah Ya yi musu albarka. Ta ce da ta sani da ba ta wahalar da kanta wajen sayen mai kyau ba, don ita a gida gutsattsariya suke ci, wannan doguwar saboda tukunyarmu take saye, kada tata ta ɓata mana girki. Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Ta ɗaure kwalayenta, ta ce sai an jima, ta sauka. Juma'a uku ba ta zo ba, ta kuma canza hanya, ba ta bi ta lungunmu.

Shaima ta tambaye ni ina Hala Maryama, don haka suke ce wa manya mata a nan, kamar mu ce Inna. Na so in yi kwana-kwana, na ga ba amfani, na gaya mata duka. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in nuna mata kwanon, ta duba jan farcen, ta ce ta san shi, ƙanin kofin mai shayin garinsu ne. Sannan ta ja ni wurin likitar asibitinsu, wata 'yar Sudan mai tabarau kamar naka, ta ce in tambaye ta duk abin da nake tsoro. Na tambaya kuwa, ban ji kunya ba. Likita ta ce kuturta ƙwayar cuta ce, ba la'ana ba ce, ba kuma gadonta ake yi a jini ba. Ta ce wanda ya sha maganinta ya gama ba ya sa wa kowa, ko a kwano ko a shimfiɗa, yatsun da suka tafi tabo ne kawai, kamar tabon ƙuna. Na ce to jikokinta fa, tun da na ji tana da 'ya. Ta ce jikoki da yatsu goma za su zo in Allah Ya so, kamar na kowa. A ranar mura nake yi, sai ta nuna hancina ta ce wannan ya fi hannun Maryama haɗari ga jama'a, in je gida in kwanta. Na rubuto maka wannan dalla-dalla don na san nan ne zuciyarka za ta tsaya, kuma kana da likitoci a Bichi, ka tambaye su ka ji ko za su faɗi wani abu dabam.

Ranar Asabar na sa Hafizu ya kai ni Ka'akiyya a motar aikinsu, don can suke haya, ɗaki ɗaya da ɗan madafi a gindin dutse. Rumaisa ce ta buɗe mana. A nan aka haife ta, Larabci ya fi mata sauƙi, Hausarta kuwa sai a hankali, da azahar tsaka ta durƙusa ta ce min ina kwana. Maryama ta tarbe ni kamar ba abin da ya faru. Na fara shirya bakina na ban haƙuri, ta ɗaga hannu ta ce baƙo ba ya magana da yunwa, sai na ci abinci tukuna. Dambu take yi. Ta sauke shi a gabana, ta zuba zogale da albasa da ƙuli-ƙuli da mai, ta wanke hannu, ta sa tafukanta biyu a ciki tana cuɗawa a hankali, idonta a kaina. Ta juye a faranti ɗaya, ta ajiye tsakaninmu, ta ce bismillah. Ba zan yi maka ƙarya ba, lomar farko a maƙogwaro ta tsaya, shekara hamsin na abin da aka koya mana ba ya fita rana ɗaya. Ta biyu ta wuce. A ta uku na ji abin da rabona da shi tun dambun Inna, Allah Ya jiƙanta, sai ga hawaye, ina ci ina kuka ina neman gafara da cikakken baki. Ta ce in haɗiye tukuna kada in ƙware a ɗakinta a ce ita ta kashe ni. Muka yi dariya har Rumaisa ta leƙo. Ta ce ta yafe duniya da lahira, amma da sharaɗi, daga yau ita za ta riƙa juye shinkafarta a tukunya da hannunta, don ta ga tantabarun Utaibiyya sun yi ƙiba da yawa. Na cinye farantin nan, na kuma nemi ƙari.

Juma'ar da ta biyo ta dawo, ta juye ƙullinta kowa na gani, na kuma sanar cewa mako mai zuwa girkinta ne. Mata biyu suka daina zuwa, Allah Ya shirye mu da su. Hajiya Rukayya ba ta daina ba, amma duk ranar girkin Maryama sai ta ce azumi take yi, azumin Juma'a ita kaɗai, wanda ban san malamin da ya koya mata ba. Sau biyu ta yi haka. A na uku ƙamshin dambu ya karya azumin tun kafin magariba, ta ce bari ta ɗanɗana gishiri, ta ɗanɗana har faranti ya ga ƙasa. Yanzu ita ce ke zuwa da kula tana roƙon a ɗiba wa maigida. Kwanon jan farcen kuwa a ciki nake jiƙa wake. Gidajen da ke kawo shinkafa sun kusa talatin, akwai 'yan Burma da 'yan Yaman da wata tsohuwa 'yar Indonisiya da ba mai jin yarenta, amma ta fi kowa zuba barkono. Shaima ta ce a gidan da ta tashi ba a tsayawa a ciki kawai, sai an ba hannu sana'a, don haka ranar Asabar Rumaisa ke koya wa 'yan mata ɗinkin duwatsu a jikin abaya, wanda shi ne aikinta, kuma uku a cikinsu sun fara karɓar aiki daga shaguna.

Maganar ɗanka kuwa, ranar da ya kai ni ya lura mukayyif ɗinsu ya mutu, ya ce zai dawo ya duba don Allah. Yaron da ke gyara guda biyar kafin azahar, wannan guda ɗaya sai da ya koma sau shida. Yau waya ce ta ƙone, gobe ya manta sukurdireba. Na ce lallai ruwa ba ya tsami banza. Na sa ido a kan yarinyar kamar yadda za ka sa, har na fi ka, don ni uwar miji ce. Tana da salla, tana da kunya, bakinta ba ya yawo. Amma abin da ya saye ni dabam ne. Kwanakin baya gwiwar Maryama ta kumbura, mai sayen kwali kuma ba ya jira. Da rana tsaka na hango Rumaisa a bakin babban titi tana tura keken nan na bola, uwar na biye da ita tana ɗingishi, 'yan matan da take koya wa ɗinki suna wucewa, ta tsaya ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya ba ta ko sunkuyar da kai ba. Na ce a raina wadda ba ta ji kunyar uwarta a titi ba, ba za ta ji kunyar mijinta ba ranar da babu. Ina son yarinyar nan, Yaya, ina sonta ƙwarai.

Makon jiya da Maryama ta ji ka nemi asali, ta zo ta same ni ina suyar masa. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce ta san mutanen gida, ta san abin da za a ce, kuma ba za ta zama sanadin kukan 'yarta ba. Ta ce in rubuta maka cewa uwar Rumaisa ta rasu, Hajiya Rukayya ta tsaya a matsayin uwa, ai ta fi ta kyan gani a hoto. Ta ce ranar biki ba za ta shigo ba, za ta biyo ta tsallaken titi da kekenta kamar mai wucewa, ta hango motar amarya, ya ishe ta. In an haihu kuma ba za ta ɗauki jariri ba, a nuna mata shi a waya. Duk tana faɗa tana murmushi, kamar mai cinikin kwali. Masata ta ƙone a tanda ban sani ba. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na yi ƙarya sau ɗaya a kan shinkafarta, ba zan ƙara a kan 'yarta ba. Na ce ranar biki a gefena za ta zauna, in kuma Allah Ya kawo rabo ita za ta fara yi wa jikan nan wanka. Nan ne murmushin ya ƙare, ta rufe fuska da gyale, tun da na san ta ban taɓa ganin ta yi kuka ba sai ranar.

Sai da ta tafi na tuna na yi alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. A hannunka yake. Na san za a yi magana a Bichi, za a ce jikan babanmu Malam Audu ya rasa wadda zai aura duk faɗin Makka sai 'yar mai tsintar bola, za a kuma faɗi ɗaya kalmar da ta fi zafi. Kai za ka zauna da masu maganar a ƙofar masallaci, ba ni ba, don haka ban ce abu ne mai sauƙi ba. Ni ma da faranti ɗaya na fara, kuma ka ji yadda lomar farko ta yi min. Abin da nake roƙo shi ne ka yi istihara, ka yi bincikenka yadda ka saba, ka bincika har da halin matar da ta yarda a ce ta mutu don 'yarta ta sami gida. Hafizu ba zai saɓa maka ba, in ka ce a'a zai haƙura, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ya rame, jiya ma gishiri ya zuba a shayi. Kada ka bar ni in zama maƙaryaciya a gaban matar nan sau biyu.

Ka gaishe min da Yaya Hafsa, ka ce daddawar da ta aiko ta ƙare, kuma ba roƙo nake yi ba, labari nake bayarwa. Ka gaishe da Mujahida da maigidanta da yara, da Abdulrazak da amaryarsa, da Hudaifa, Allah Ya ba shi sa'ar jarrabawa. Ka gaishe da liman da maƙwabta da duk mai tambayata. Kullum na shiga Harami ina ambaton sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Hafizu yana gaishe ka da ladabi, Shaima ma ta ce a gaishe da babban yaya. Maryama ta san yau nake rubutu, ta ce in isar maka da gaisuwarta, sai ta tsaya ta tambaye ni yadda za ta kira ka, ko ta ce Malam, ko ta ce Yaya yadda nake cewa. Na ce ta dakata tukuna, sai amsarka ta zo.

Wassalam. Taka ƙanwa har kullum,
Rakiya.